Hutu bisa keke cikin tsaunukan Alp: hawa ba wuya, saukowa ita ce aiki

A ƙasarmu keke abokin aiki ne. Shi ke kai yaro lakwal, shi ke kai manomi gona, shi ke ɗauko itace da buhun hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa. Ba mu saba jin an ce mutum ya tara kuɗi shekara guda, ya biya jirgi da masauki, don kawai ya tafi ya hau keke ba. To, a ƙasashen Turai wannan ya zama ruwan dare. Daga watan Yuni zuwa farkon Satumba na kowace shekara, dubban mutane, maza da mata, matasa da magidanta, sukan ɗauki hutunsu su nufi tsaunukan Alp da kekunansu. Akasarinsu sukan koma gida da labari mai daɗi. Wasu kuwa jirgi mai saukar ungulu ne ke ɗauko su daga kan dutse zuwa asibiti. Abin da ke raba waɗannan da waɗancan, sau da yawa, shiri ne da aka yi ko aka ƙi yi tun kafin a baro gida.

Yau za mu leƙa wani yanki na tsaunukan nan da ya yi suna wajen wannan wasa, mu ga yadda abin ya samo asali, inda haɗarinsa yake, da irin shirin da ya wajaba ga duk mai niyyar zuwa, ko ɗalibinmu ne da ke karatu a can, ko ma'aikacin da hutu ya kai shi.

Asalin keken dutse

Keken dutse ba tsohon abu ba ne. Cikin shekarun 1970 ne wasu samari na yankin Marin, arewa da birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka fara tono tsofaffin kekuna masu kaurin taya, irin na shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga kan tuddai bisa hanyoyin ƙasa. Ranar 21 ga Oktoba 1976 suka yi tserensu na farko da agogo, bisa wata hanya mai tsawon kilometir 3 da ɗoriya wadda ke saukowa wajen metir 400. Birkin kekunan nan irin wanda ake taka feda baya ne, kuma yana cikin cibiyar ƙafar baya. Kafin mutum ya kai gindin tudun, birkin ya ɗauki zafi har giris ɗin da ke ciki ya ƙone yana hayaƙi, sai an kwance an cusa wani. Daga nan tseren ya samo sunansa na Repack, watau sake cusawa. A riƙe wannan labari, domin tun ranar farko birki ne babbar maganar wannan wasa, har yau kuwa maganar ba ta sake ba.

Cikin 1977 Joe Breeze ya ƙera keken da aka yi musamman don dutse. Cikin 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe kamfanin sayar da irinsa, Tom Ritchey yana ƙera musu gangar jikin. Cikin 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper, wanda masana'anta ta riƙa yi da yawa, har ya kai ga hannun jama'a. Ba da daɗewa ba ya ƙetaro teku zuwa Faransa, inda ake kiransa VTT, watau keken kowace irin ƙasa. Cikin 1984 Stéphane Hauvette ya shirya tseren Roc d'Azur a kudancin ƙasar, mutum 7 kaɗai suka shiga; daga baya tseren ya riƙa tara dubbai. Hukumar tseren keke ta duniya ta yi gasarta ta farko ta keken dutse a Durango ta Amurka cikin 1990, kuma cikin 1996 wasan ya shiga wasannin Olimpik a birnin Atlanta.

Ƙofofin Rana

Yankin da muke magana a kai sunansa Portes du Soleil, watau Ƙofofin Rana. Yana tsakanin tafkin Leman da dutsen Mont Blanc, bisa iyakar Faransa da Suwis. Wuraren shaƙatawa 12 ne suka haɗa kai ƙarƙashin wannan suna, 8 a jihar Haute-Savoie ta Faransa, 4 a jihar Valais ta Suwis. Daga filin jirgin sama na Janeba tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota, ko ƙasa da haka. Garin Morzine yana bisa tsawon metir 1000 daga bakin teku, Les Gets metir 1172, Avoriaz kuwa metir 1800.

Asali yawancin wuraren nan ƙauyukan makiyaya ne da masu yankan katako. Cikin ƙarni na 20 wasan zamiya bisa ƙanƙara, wanda Turawa ke kira ski, ya kawo musu baƙi da arziki. Don masu wannan wasa ne aka kafa kujerun igiya, watau kujerun da ke rataye ga igiyar ƙarfe, inji yana jan su daga gindin dutse zuwa ƙoli. Amma da ƙanƙara ta narke sai baƙi su watse, kujeru su tsaya, masaukai su rufe. A farkon shekarun 1990 ne Les Gets ya fara ɗaukar kekuna bisa kujerun nan lokacin zafi, maƙwabtansa suka bi sahu.

Wannan sana'a ta ƙara daraja a idon mutanen wurin saboda sauyin yanayi. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau zafin tsaunukan Alp ya ƙaru da wajen digiri 2, kuma garin da ke metir 1000 ba ya iya dogara ga ƙanƙara kamar da. Saboda haka mai masauki da mai gidan abinci da makanike duk idonsu yana ga mahaya keke. Les Gets ya karɓi gasar duniya cikin 2004 da 2022, Champéry da ke ɓangaren Suwis ya karɓa cikin 2011. Tun 2004 kuma akan yi wani zagaye a ƙarshen watan Yuni mai suna Pass'Portes du Soleil, wanda ba tsere ba ne: mahaya sukan kewaye yankin wajen kilometir 80 cikin yini guda, suna ƙetare iyakar ƙasashen biyu, kujerun igiya suna ɗauke musu mafi yawan hawan.

Inda haɗarin yake

A da, wanda aka gani bisa ƙolin dutse da keke, ƙafarsa ce ta kai shi. Kafin ƙafa ta samu wannan ƙarfi kuwa an yi watanni ko shekaru ana hawa, cikinsu hannu ya saba da birki, ido ya saba da hanya. Kujerar igiya ta soke wannan makaranta. Yau mutumin da bai taɓa barin kwalta ba yana iya sayen tikiti da safe, ya bi kujera bayan kujera, kafin azahar ya ga kansa a Pointe des Mossettes, metir 2277, wurin da ya ɗara Idukal-n-Tagas na Bagzan, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar da metir 2022. Kujerar ba ta tambayar kowa ko ya iya. Ta kai shi, amma ba ita za ta tuƙa masa keken zuwa ƙasa ba.

Akwai kuma maganar gajiya. Wanda ke hawa da ƙarfinsa, sau ɗaya ko biyu yake saukowa a yini. Wanda kujera ke ɗauka yana iya saukowa sau goma. Ba ya haki, don haka bai san ya gaji ba, alhali yatsunsa da damatsansa sun sha girgiza tun safe. Sai ya zo damƙe birki a wurin da ya kamata, hannu ya ƙi. Raunukan da aka fi gani su ne karayar ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, karayar wuyan hannu, da buguwar kai.

Don rage wannan ne aka raba hanyoyin da launi. Kore na masu koyo ne, shuɗi ya ɗan fi shi wuya, ja na waɗanda suka ƙware ne, baƙi kuwa na gwanaye, inda akwai gangara mai tsanani da tsalle da saiwoyin itatuwa. Sai dai launin nan ba awo ɗaya yake da shi ko'ina ba: shuɗin wani gari yana iya zama jan wani. Kuma ruwan sama na awa guda yana maida hanya mai sauƙi ta zama santsi tsantsa. Dokar ita ce a fara daga kore, kowace irin gwaninta mutum ke ji da ita, kuma duk hanyar da ba a sani ba a bi ta a hankali karon farko, a sauka a duba duk wurin da ido bai ga bayansa ba.

Shirin jiki

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin jiki yana son wata biyu aƙalla. A hau keke sau uku a mako, ɗaya daga ciki doguwar tafiya ta awa biyu ko uku, kuma a nemi hanyar ƙasa mai gargada da ramu da tsakuwa. Mai gangarowa daga dutse a tsaye yake bisa feda, ba a zaune ba, don haka cinyoyi da baya da damatsa ne ke ɗaukar nauyi. Tsugunno da miƙewa, da dogara hannuwa ga ƙasa ana ɗaga jiki, da matsa ƙwallon roba a tafin hannu, duk suna taimakawa. Wanda ya manyanta, ko mai hawan jini, ko mai ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya sayi tikiti.

A tuna kuma da iska. Birnin Yamai bai wuce metir 200 da ƴan kai daga bakin teku ba. A metir 2000 nauyin iska ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar, don haka numfashi yakan yi sauri, gajiya ta zo da wuri. Ranar farko ta sabo ce: rabin yini ya isa, da shan ruwa da yawa da barci da wuri.

Hawan ma yana da ƙa'idoji da ya kamata a koya tun a gida. A sassauto da sirdi ƙasa. A tsaya bisa feda biyu suna daidai da juna, diddige ya ɗan yi ƙasa, gwiwoyin ƙafa da na hannu a lanƙwashe ba a sandare ba. Ido ya dubi inda ake son zuwa, domin keke yana bin ido ne. Wanda ya ƙura wa dutse ido shi zai kara. Yatsa ɗaya ya isa ga kowane birki, sauran su riƙe kan keke. Birkin gaba shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, amma matsa shi ake yi sannu, ba fizga ba. A rage gudu kafin a shiga kwana, ba cikinta ba. A garuruwan nan akwai malaman keke masu takardar shaida, kuma kuɗin darasin safiya guda bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Matambayi ba ya ɓata.

Shirin keke

Keken zuwa kasuwa ba shi da aiki a nan. Keken da ake gangara da shi yana da abin shanye gargada gaba da baya, wanda makanikai ke kira amortisar, mai lotsawa santimetir 16 zuwa 20, da taya mai kauri mai manyan haƙora, da birkin faifai mai aiki da mai irin na babur. Wanda ba shi da irinsa gara ya yi haya a can, shagunan haya suna da yawa, sai dai a watan Yuli da Agusta a kama tun da wuri. Kafin a bar shago a nemi makanike ya daidaita amortisar da nauyin mahayi, yadda in ya hau zai lotsa da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. A kuma duba wane hannu ke riƙe da birkin gaba: a Faransa hannun hagu ne, a Ingila na dama, kuma wanda ya rikita su cikin gangara ta kan keke zai wuntsula.

Wanda ya zo da nasa ya kai shi ga makanike makonni kafin tafiya, a duba sarƙa da tayoyi da kowane ƙusa, a sake man birki. Ƙananan ɓangarorin da ke damƙe faifan, waɗanda ake kira plaket, suna cinyewa da sauri cikin dutse, musamman in akwai laka, don haka a tafi da wasu a duba su kowace yamma. Kada a riƙe birki daram tun daga sama har ƙasa: faifai yakan yi zafi, man ya tafasa, a matsa a ji babu komai. Matsawa ake yi a saki, kuma a doguwar gangara a tsaya a bar shi ya huce, hannu ma ya huta. Cutar da ta sami samarin Repack ke nan, kayan aiki ne kawai suka sake.

Akwai kuma keke mai batir, wanda injinsa ke taimakon ƙafa har gudun kilometir 25 a awa bisa dokar Turai. Yana sauƙaƙa hawa, amma ya fi nauyi, tsayar da shi ya fi wuya. Kamfanonin jirgin sama kuma ba sa ɗaukar babban batirinsa cikin kayan fasinja.

Kariya da guzuri

Hular kwano wajibi ce, kuma a hanyoyin gangara mai rufe haɓa ake sawa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki, ko da ba a ga tsaga a jikinta ba. Sai safar hannu, da tabarau, da abin kare gwiwa da na gadon baya. Cikin jaka a sa ruwa, da ɗan abinci kamar dabino ko gyaɗa, da rigar ruwa, da famfo, da robar cikin taya, da ƙananan makullan gyara, da bandeji, da taswira, da salula mai cikakken caji. Lambar neman agaji ita ce 112, tana aiki a Faransa da Suwis. Kada a sha ruwan ƙoramar da dabbobi ke kiwo sama da ita. Kada kuma a fita shi kaɗai. In ya zama dole, a gaya wa mai masauki inda aka nufa da lokacin dawowa. Wanda ya bugu a kai, ya ji jiri ko amai ko mantuwa, hawansa na ranar ya ƙare, sai likita.

Yanayin dutse ba shi da alkawari. Duk metir 1000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi, don haka mai gumi a Morzine yana iya rawar ɗari a Mossettes. Lokacin zafi hadari yakan haɗo da la'asar, da tsawa da walƙiya, kuma in ya taso akan tsayar da kujerun igiya. Kujerun ma suna da lokacin rufewa kowace yamma. Wanda ya yi sake har aka rufe yana wani kwari, ko yana ɓangaren Suwis, sai ya tura kekensa ya ƙetare dutse, ko ya biya mota ta kewayo da shi da kuɗi mai yawa. A fita da safe, a bar nesa da wuri.

Dutse yana da masu shi

Mahayin keke baƙo ne a wurin. Lokacin da yake hutu shi ne lokacin da makiyaya ke hawa da dabbobinsu zuwa makiyayar sama, inda ake tatsar nonon da ake yin cukun Abondance da na Reblochon. A ƙauyen Les Lindarets awaki ma cikin titi suke yawo. Duk ƙofar shingen da aka buɗe a rufe ta, kuma a yi hattara da wayar shinge, wata tana da lantarki. Tun da kyarkeci ya dawo tsaunukan Faransa daga Italiya cikin 1992, masu tumaki da yawa suna ajiye manyan fararen karnuka da ake kira patu. Karen nan bai san wasa ba, abin da ya zo da gudu wajen garke maƙiyi ne a wurinsa. Wanda ya gamu da shi ya tsaya, ya sauka, ya sa keken tsakaninsa da karen, ya bar shi ya shinshina, sa'an nan ya kewaye garken da ƙafa. A hanyar da ake tarayya da masu tafiya ƙasa, su ke da gaba: a rage gudu, a yi sallama. Yanke hanya ta cikin ciyawa yana buɗe wa ruwa kwazazzabo, kuma irin wannan ne ke sa hukumar gari ta hana kekuna bin wani wuri.

Takardu

Ɗan Nijar yana bukatar bizar Shengen, wadda ke aiki a Faransa da Suwis duka, kuma ya riƙe fasfonsa a jaka duk ranar da zai ƙetare iyaka. Ba a ba da bizar sai da inshorar lafiya, wadda aka fi sani da asurans, ta aƙalla yuro 30.000, watau kusan miliyan 20 na sefa. Amma a karanta takardar da kyau, domin inshora da yawa suna cire wasanni masu haɗari, gangarowa da keke kuwa yana cikinsu. A tabbata ta ƙunshi ceto cikin dutse da kuɗin asibiti da maida mutum gida. A Faransa akwai rukunin jandarmomi na musamman masu aikin ceto cikin manyan duwatsu, wanda aka kafa a Chamonix cikin 1958. A ɓangaren Suwis kuwa, in jirgi mai saukar ungulu ya tashi don mutum, takardar biya za ta biyo shi.

To jama'a, wanda ya yi wannan shiri zai ga abin da ya cancanci wahalarsa: dazuzzuka masu sanyi, tafkuna tsakanin duwatsu, da farin ƙolin Mont Blanc daga nesa ranar da gari ya washe. Saura gargaɗi ɗaya. Da yamma, sa'ad da hannu ya fara nauyi kuma abokai suka ce a ƙara ɗaya kafin a rufe kujera, wannan ɗayar ita ce abin tsoro. A bar ta sai gobe, dutsen yana nan. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su ga iyalansu lafiya.